Dabara Ko Faci? Sharhi A Kan Kyamarar Periflex

A shekarar 1953 wani ƙaramin kamfani mai suna K. G. Corfield, a garin Wolverhampton na Ingila, ya fitar da wata kyamarar fim da ya raɗa wa suna Periflex. Idan ka hango ta daga nesa sai ka ɗauka Leica ce, shahararriyar kyamarar nan ta Jamus: siririya, mai zagayayyun gefuna, daidai riƙon hannu. Sai ka matso kusa za ka ga wani ɗan bututu ya tsiro a samanta. Ana saukar da bututun ne ya nutse cikin kyamarar, a leƙa ta cikinsa, sannan a mayar da shi sama kafin a ɗauki hoto. Irin madubin leƙen nan ne da jirgin yaƙi mai tafiya ƙarƙashin teku yake ɗagowa don ya ga abin da ke saman ruwa, sai dai shi wannan ƙasa yake sauka. Daga sunansa na Turanci, feriskof, aka yanko rabin sunan kyamarar.

Masu tara tsofaffin kyamarori sun kasu biyu a kanta. Wasu na ganin ta shaida ce ta basirar maƙeran Ingila, wadda rashin sa'a kawai ya kashe. Wasu kuma na ganin ta abin dariya ce, irin ƙirar da mutum kan yi idan kayan aiki sun gagare shi. A ganina duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawar yanke hukunci. Periflex amsa ce mai kyau ga matsalar da ke gaban maƙerinta a 1953, kuma kyawunta da ajalinta daga tushe ɗaya suka fito: wahalar da maƙerin ya kauce wa ba ta ɓace ba, ya dai miƙa ta ga mai ɗaukar hoto. Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan aiki sarai, domin kullum cikinsa muke. Sunansa faci. Faci ba abin kunya ba ne, tayoyi da yawa sun kai mutane gida da shi. Abin dubawa shi ne ko mai shi ya san faci ya yi, kuma har yaushe zai ci gaba da tafiya a kansa.

Ƙasar da ta ci yaƙi ta rasa kuɗi

Ba za a fahimci wannan kyamara ba sai an san halin da aka haife ta a ciki. Birtaniya ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu da nasara, amma da bashi har wuya. Rabon abinci da kati bai ƙare gaba ɗaya ba sai a 1954. Gwamnati ta ƙuntata shigo da kayan waje don kada ɗan kuɗin ƙasashen waje da ya rage ya tsiyaye, kuma kyamarori masu tsada suna cikin kayan da abin ya shafa. Ga harajin saye mai nauyi a kan kayan da ake ɗauka na alatu ne. Saboda haka mai sha'awar hoto a Ingila yana iya riƙe da kuɗinsa a hannu, amma sabuwar Leica ta gagare shi.

A ɗaya gefen kuma, ƙasashen da suka ci yaƙin sun buɗe haƙƙin mallakar ƙirƙire-ƙirƙiren Jamusawa, kowa ya kwaikwaya. Rasha dama ta riga ta fara kwaikwayon Leica tun kafin yaƙi da kyamararta FED. Japan ma ta shiga. A Ingila, kamfanin Reid & Sigrist na Leicester ya ƙera kwafin Leica mai inganci ƙwarai, amma mai tsada, kuma ya daɗe kafin ya iso kasuwa. Kamfanin Ilford ya fitar da Witness, wadda ɗaruruwa kaɗan aka ƙera. Kamfanin Wray ya gwada tasa hanyar da Wrayflex. Kowannensu ya hango giɓi ɗaya ne: akwai masu saye, babu kaya, kuma gwamnati ta tsare ƙofa.

Kenneth Corfield, wanda aka haifa a 1924, injiniya ne matashi a lokacin, ɗan yankin da aka sani da sana'ar ƙarfe. Wolverhampton gari ne na maƙera, can kamfanin makullan Chubb yake a lokacin. Ya kafa kamfaninsa a ƙarshen shekarun 1940, ɗan'uwansa John yana taya shi. Ba da kyamara suka fara ba. Abin da suka fara sayarwa shi ne Lumimeter, na'urar auna haske ga masu wanke hoto a ɗakin duhu, sannan Telemeter, ɗan ma'aunin nisa da ake maƙalawa a saman kyamara. Wato sun shigo sana'ar ne ta ƙofar kayan taimako, irin abubuwan da ake ƙarawa a kan kyamarar wani. Wannan asali ya bi su har cikin Periflex, domin ita ma an yi tunaninta ne a matsayin gangar jiki mai araha wadda mai gilasan Leica zai ɗaura gilasansa a kai.

Milimita 28.8

Duk labarin Periflex ya rataya ne a kan wannan adadi, don haka bari mu ɗan tsaya a kansa.

Kyamara akwati ce mai duhu. A gaba akwai gilashin da haske ke shiga ta cikinsa, a baya akwai fim, a tsakani akwai labulen da ke buɗewa na ƙiftawar ido. Kafin hoto ya fito tas, dole a murɗa gilashin gaba ko baya har nisan da ke tsakaninsa da fim ya dace da nisan abin da ake ɗauka. In an kuskure kaɗan, hoton ya fito dishi-dishi. Yau wayarka ce ke yi maka wannan saiti, ka taɓa fuskar mutum a allo ta gyara da kanta. A wancan zamani kuwa, mai hoto ne zai saita da hannu, kuma ba zai ga sakamako ba sai an wanke fim. Don haka babbar tambayar kowane maƙerin kyamara ita ce: ta yaya mai hoto zai san saitinsa ya yi daidai kafin ya danna?

Manyan hanyoyi biyu ake da su. Ta farko ita ce ta Leica, wadda ta shigo da ita cikin kyamararta a 1932: ma'aunin nisa mai tagogi biyu. Kowace taga tana kallon abin daga gefenta, sai mai hoto ya ga siffa biyu, ya yi ta murɗa gilashi har su haɗe su zama ɗaya. Akwai wani ɗan hannu a cikin kyamarar da ke taɓa bayan gilashin, yana bin motsinsa, yana juya madubin ma'aunin. Aiki ne irin na masu gyaran agogo. Kuskuren da bai kai kaurin gashi ba ya isa ya ɓata saiti, kuma kowane gilashi sai an sassaƙa bayansa daidai da ma'aunin. Ga shi kuma hanyar tana da iyaka: ba ta aiki idan abin ya matso ƙasa da kamar mita ɗaya, kuma tana rauni da gilasan hango nesa.

Hanya ta biyu ita ce a sa babban madubi a karkace tsakanin gilashi da fim, ya tura hasken sama zuwa idon mai hoto. Abin da gilashin ya gani, shi kake gani, babu kintace. Idan ka danna, madubin ya ɗaga, labule ya buɗe. Kyamarar Exakta ta Jamus ta bi wannan hanya tun shekarun 1930, kuma a 1949 Contax S ta ƙara wani dunƙulen gilashi mai kusurwa biyar a sama, wanda ke miƙar da hoton ya zo wa ido daidai yadda yake. Amma madubi yana buƙatar wurin lilo. Shi ya sa irin waɗannan kyamarori suke barin kusan milimita 45 tsakanin bakin gilashi da fim.

Gilasan Leica kuwa, masu bakin murɗawa kamar murfin kwalba mai faɗin milimita 39, an ƙera su ne su zauna milimita 28.8 daga fim. Ba ƙari, ba ragi. Babban madubi ba zai samu wurin motsi a wannan ɗan tsukin ba. To ga Corfield a tsaka mai wuya: yana son gilasan Leica, don su ne a hannun masu sayensa. Ma'aunin nisa irin na Leica ya fi ƙarfin ƙaramar masana'antarsa a farashin da yake son sayarwa. Babban madubi kuma babu wurinsa.

Sai ya yi wa kansa tambayar da ta fi dacewa: shin don a tabbatar da saiti, dole ne a ga hoton gaba ɗaya? Amsar ita ce a'a. Ɗan yanki daga tsakiyar hoton ya wadatar, in dai an ƙara masa girma. Ɗan yanki kuma ɗan madubi yake buƙata, kuma ɗan madubi zai iya sauka cikin tsukin nan ya koma. Wannan shi ne feriskof ɗin Periflex.

Abin da ya cancanci yabo

Duk wanda ya taɓa zama gaban matsalar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa zai ji daɗin wannan tunani. Corfield bai yi ƙoƙarin doke Leica a fagenta ba. Ya rarraba matsalar gida-gida, ya gano wane gida ne ainihin wajibi, ya magance shi kaɗai. A fannin manhaja, rabin ƙwarewa ke nan: ka gane abin da ba sai ka gina ba.

Kuma dabarar ta zo da riba ta gaske. Tunda ta cikin gilashin da zai ɗauki hoton kake leƙawa, babu ruwanka da ko an sassaƙa bayansa daidai. Gilashi mai araha da mai tsada duk ɗaya ne a wurin feriskof, shi ya sa gilasan da Corfield ya sayar da sunan Lumar ba su buƙaci wancan aikin agogo ba. Kana iya ƙara zobba tsakanin gilashi da kyamara ka ɗauki ƙwaro ko rubutun takarda daga kusa-kusa, ka ga saitinka da idonka. Kana iya ɗaura gilashin hango nesa. Mai Leica da ke son yin haka sai ya sayi wani akwatin madubi na daban, Visoflex, ya ɗaura a gaban kyamararsa. A wannan ɓangare, kyamara mai araha ta yi abin da mai tsada ba ta iya yi ita kaɗai.

Irin wannan tunani na rage kaya ya ratsa sauran jikinta. Yawancin kyamarorin fim mai milimita 35 suna da ɗan gare mai haƙora da ke shiga hudojin gefen fim yana ƙirga tafiyarsa. Periflex ta yar da shi, ta bar wata ganga mai kauri tana naɗe fim ɗin kai tsaye. Farantin da ke danne fim daga baya kuma na gilashi aka yi, sumul, don kada ya karce shi. Na farko-farkon da aka fitar an lulluɓe su da fatar alade ruwan ƙasa, daga baya aka koma baƙin rufi irin na sauran kyamarori. Ko'ina ka duba za ka ga hannun mutanen da ke lissafin abin da injinansu za su iya yankawa, ba abin da manyan kamfanoni ke yi ba. Hausawa na cewa da babu gara ba daɗi, amma Periflex ta farko ta wuce matsayin ba daɗi. Aiki ne mai gaskiya, wanda bai ɓoye yadda aka yi shi ba.

Inda aka miƙa wa mai hoto wahalar

Yanzu mu ƙirga abin da mai Periflex ta farko zai yi kafin ya ɗauki hoto ɗaya cikin natsuwa. Zai buɗe ƙofar hasken gilashin gaba ɗaya, don saiti ta cikin gilashi ba ya tabbata sai da haske sosai. Zai saukar da feriskof. Zai auna tsakiyar kyamarar a kan abin da yake so ya fito tas, tunda tsakiya kaɗai yake gani. Zai murɗa har ya saitu. Zai mayar da feriskof sama. Zai rage ƙofar hasken zuwa yadda yanayin wurin yake buƙata. Sannan ya ɗauke idonsa ya kai wata taga ta daban, wadda ke nuna masa iyakar abin da zai shiga hoton, ya tsara, ya danna.

Adalci ya sa a faɗi cewa mai tsohuwar Leica ma tagogi biyu yake leƙawa, ɗaya ta saiti, ɗaya ta tsari. Don haka wannan rabon bai zama baƙo ga masu sayen 1953 ba. Amma shi ba ya saukar da komai, ba ya ɗaga komai, ba ya taɓa ƙofar haske don saiti. Periflex ta ɗauki matakan Leica ta ƙara nata a kai.

Idan abin da kake ɗauka tulu ne a kan tebur, ko gini, ko shafin littafi, duk wannan ba matsala ba ce. Tulu zai jira ka. Amma dalilin da ya sa duniya ta rungumi ƙaramar kyamara tun farko shi ne abin da ba ya jira: yaro a guje, fuskar da ta yi murmushi ta ɗauke, taron da ya rikice. Periflex tana da jikin kyamarar sauri da halin kyamarar zama. Wannan shi ne babban aibinta, kuma ba kuskuren ƙira ba ne da za a gyara da sukudireba. Shi ne kuɗin da aka biya don a samu araha. Awannin aikin da masana'anta ta tsimi kanta, mai hoto ne ke biyan su da daƙiƙoƙi, hoto bayan hoto, har ƙarshen rayuwar kyamarar.

Na sha ganin irin wannan ciniki a manhaja. Mai gini ya ga wani sashe zai ci masa wata guda, sai ya ƙara maɓalli ɗaya ya ce mai amfani ya danna da kansa. A ranar kowa ya ci riba: kaya sun fita da wuri, farashi ya sauka. Cinikin yana tafiya lafiya muddin mai amfani ba shi da wani wurin zuwa. Ranar da wani ya zo da wadda ba ta da maɓallin, babu wanda zai tuna dalilin da ya sa ka saka shi.

Faci a kan faci

Corfield ya san da wannan aibi, kuma yadda ya tunkare shi ne ya fi komai koyar da darasi. A 1957 aka fitar da Periflex 3. An shigar da feriskof da tagar tsari cikin murfin sama, bututun da ya tsiro ya ɓace. Feriskof ɗin ya zama mai aiki da kansa: idan ka ja fim ya sauka, idan ka danna ya tashi kafin labule ya buɗe. Aka biyo da Periflex 2 mai sauƙin kuɗi, da 3a wadda ta zo da hannun jan fim na babban yatsa, sannan Gold Star a farkon shekarun 1960. Kowace ta fi ta baya sauƙin sarrafawa da kyan gani.

Amma duba abin da ya faru. Me ya sa aka ƙirƙiro feriskof tun farko? Don a kauce wa injin da ke ɗaga madubi a daidai lokacin da labule zai buɗe. To yanzu ga shi an gina injin da ke ɗaga madubi a daidai lokacin da labule zai buɗe. An ɗauki kusan duk wahalar kyamara mai babban madubi, amma ladan bai zo ba, domin har yanzu ɗan yankin tsakiya kaɗai ake gani ta cikin gilashin. An biya kuɗin doki, an hau jaki.

A wurin aikinmu muna kiran wannan bashi. Ka yi gajeriyar hanya yau, gobe ka gina wani abu a kanta, jibi ka gina wani don ya rufe aibin na jiya, har ranar da za ka tarar ƙarfinka duka yana tafiya wajen kare shawarar da dalilinta ya riga ya wuce. Shi ya sa nake ganin Periflex ta farko, mai bututu a fili, ta fi ƙannenta zama cikakken aiki, ko da yake sun fi ta daɗin riƙo. Ita ta san abin da take. Su kuwa suna ƙoƙarin zama abin da ƙashin bayansu bai ba su dama ba.

Ba na ɗora wa kamfanin laifin wauta. Ƙaramin kamfani ba ya iya zubar da injinansa da sunansa da masu sayensa ya faro daga tushe duk lokacin da iska ta juya. Amma uzuri daban, sakamako daban.

Gini a filin wani

Iskar kuwa ta juya da sauri, kuma daga ɓangarori uku.

Na farko, mai filin da kansa ya tashi. Shekara ɗaya tak bayan fitowar Periflex, a 1954, kamfanin Leitz ya fitar da Leica M3. Ta haɗe saiti da tsari a taga ɗaya mai haske, kuma ta sauya bakin gilashi daga na murɗawa zuwa wanda ake turawa a ɗan juya ya kama. Tsofaffin gilasai suna hawa sabuwar kyamarar da ɗan zobe, kuma Leitz ya ci gaba da ƙera masu tsohon baki na wasu shekaru, amma kowa ya ga inda aka dosa. Ƙa'idar da Corfield ya takura kansa don ya bi, mai ita ya fara juya mata baya. Kayan aro ba ya rufe katara. Duk wanda ya taɓa gina manhaja a kan dandalin wani babban kamfani, ya wayi gari an sauya dokoki, ya san ɗacin wannan.

Na biyu, hanyar babban madubi ta balaga. A 1954 kamfanin Asahi na Japan ya fitar da kyamara mai madubin da ke komawa wurinsa nan take bayan ɗaukar hoto. A 1957 ya fitar da Pentax. A 1959 Nikon F ta fito. Ga saiti, ga tsari, duk a taga ɗaya, ta cikin gilashin da zai ɗauki hoton, daga kusurwa zuwa kusurwa. Duk abin da feriskof ke taƙama da shi, waɗannan sun yi shi sun ƙara.

Na uku, katangar da ke tsare kasuwar Ingila ta fara rushewa. Daga ƙarshen shekarun 1950 aka yi ta sassauta dokokin shigo da kaya, kuma a 1962 Birtaniya da Japan suka sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci. Mai saye ya samu wurin zuwa.

A cikin wannan yanayi ne, a 1959, kamfanin ya kwashe daga Wolverhampton ya koma garin Ballymoney a Ireland ta Arewa, inda hukuma ke ba masana'antu tallafi don samar da aikin yi. Kamfanin giya na Guinness ya zuba jari har ya zama mai rinjaye. Gilasan masu kyau na wannan lokaci kamfanin Enna na birnin Munich ne ke yin su, wato kyamarar da aka haifa saboda kayan Jamus sun gagara ta koma kallon duniya da idon Jamus. An gwada Interplan, gangar jiki marar feriskof kwata-kwata. An gwada Corfield 66, mai babban fim da babban madubi na sosai, amma kaɗan aka ƙera. Kenneth Corfield ya bar kamfanin a farkon shekarun 1960, ƙirar kyamara ta tsaya ba da jimawa ba, masana'antar ta koma wasu ayyukan ƙarfe har aka rufe ta a 1971.

Ba ita kaɗai abin ya ci ba. Ensign, tsohon gidan kyamarori na Ingila, ya daina a kusan wannan lokaci. Reid ta bi baya. Ilford dama ya riga ya koma sayo kyamarori daga kamfanin Dacora na Jamus yana liƙa musu sunansa. Wannan ya nuna cewa ko da babu feriskof, da wuya Corfield ya tsira, tunda Reid ba ta da wani aibi na ƙira amma ita ma ta tafi. Feriskof bai kashe kamfanin shi kaɗai ba. Abin da ya yi shi ne ya hana shi wani abin riƙewa a ranar da katanga ta faɗi.

Shi kansa mutumin bai faɗi ba. Ya shiga harkar sadarwa, ya kai ga shugabancin kamfanin STC, aka ba shi lambar girma ta Sir a 1980. A 1984, ƙarƙashin jagorancinsa, STC ya sayi ICL, babban kamfanin kwamfuta na Birtaniya, wanda shi ma ya daɗe yana jingine da goyon bayan gwamnati. Corfield ya sauka a 1985, kuma a 1990 kamfanin Fujitsu na Japan ya sayi kashi 80 cikin ɗari na ICL. Ba shi ne ya sayar ba, amma abin lura ne cewa rayuwar mutum ɗaya ta ratsa labari iri ɗaya sau biyu, a kyamara da kwamfuta. Bai rabu da son kyamara ba, har ya sa hannu wajen raya Gandolfi, tsohon gidan ƙera kyamarar katako na Landan. Ya rasu a 2016.

Shin ta riga zamaninta ne?

Masoyan Periflex suna da wata hujja da ta cancanci a saurara. Tun daga 2008, lokacin da Panasonic ya fitar da G1, kyamarori marasa madubi suka fara mamaye kasuwa. Tsukinsu ya fi na Leica ƙanƙanta, na Sony milimita 18 ne kawai, shi ya sa tsofaffin gilasai iri-iri ke hawa kansu da zobe. Idan kuma kana saiti da hannu, sai ka danna maɓalli, ɗan yanki na hoton ya ƙara girma a gabanka, ka saita, ya koma. Ashe ba wannan ne feriskof ba? Ashe Corfield bai hango gaba da shekara hamsin ba?

Buƙatar da ya hango gaskiya ce: siririyar kyamara, mai karɓar gilashin kowa, wadda ake saitawa ta cikin gilashin kansa. A nan ya yi daidai, kuma ya cancanci a faɗa. Amma kyamarorin yau ba jikokin Periflex ba ne. Sun iso wurin ta wata hanya daban, ta na'urar karɓar haske da allo, inda yanki da cikakken hoto suke fitowa a taga ɗaya, kuma yankin yana iya zama ko'ina, ba tsakiya kaɗai ba. Abin da ya gagari Periflex shi ne ainihin abin da suka magance. Wanda ya riga zamaninsa shi ne wanda na baya suka bi sawunsa. Babu wani babban maƙeri da ya bi sawun feriskof.

Don haka ba na cikin masu yi mata dariya, ba na kuma cikin masu yi mata kuka. Periflex ta 1953 ta cika alkawarin da ta ɗauka: ta ba mutumin da Leica ta gagara hanyar amfani da gilashi mai kyau, ta kuma ba shi saitin kusa wanda ko mai Leica sai ya ƙara kuɗi. Wanda ya samu mai lafiya a yau, ya sa mata fim, ya ɗauki abin da zai tsaya ya jira shi, zai ga aikinta. Rauninta ya fara ne daga ranar da aka ɗauki maganin wucin gadi aka mai da shi alamar gida, aka shafe shekaru ana yi masa ado, alhali ƙarancin da ya haife shi yana ta gushewa. Faci ya kai su inda za su sayi sabuwar taya, sai suka wuce shagon.